Yadda za ka bi diddigin ɗan siyasar da aka ce ya sauya matsayi kan auren jinsi da riƙon yara

Kusan duk lokacin da maganar auren jinsi ta taso a Facebook ko a gurup ɗin WhatsApp sai ka ga an turo wani guntun bidiyo na sakan talatin, wai ga Obama nan yana cewa aure tsakanin mace da namiji ne, ko ga Merkel ta halatta, ko ga wani shugaba ya yi amai ya lashe, kuma mutane su hau sharhi ba wanda ya tambaya yaushe aka faɗi maganar, a gaban su wa, kuma me mutumin ya yi da hannunsa ranar da aka zo ƙuri'a. Ni wannan abin yana damuna sosai. Matsayin addininmu kan lamarin sananne ne, ba fatawa na zo bayarwa ba, amma addinin nan dai shi ne ya ce idan labari ya zo a yi bincike, aya ta 6 a Suratul Hujurat, kuma ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu kasa yi musu adalci. Toh idan za mu yi magana kan 'yan siyasar Amurka da Turai mu yi ta da sani, domin wanda ya iya karanta yadda suke juyawa shi ne zai iya karanta na gida ma. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Abu na farko, ka tabbatar kan wane batu ake magana, saboda ba abu ɗaya ba ne. Akwai daina hukunta masu neman jinsinsu, akwai rajistar zaman tare wadda take ba su wasu haƙƙoƙi kamar gado da ziyarar asibiti amma ba a kiranta aure, akwai auren kansa, sannan akwai riƙon yara. Riƙon ma a dokarsu ya wuce irin wanda muka sani na ka ɗauko ɗan ƙanenka ya girma a gidanka yana amsa sunan ubansa, can kotu ce take mayar da yaron ɗan mutum a takarda, da suna da gado da komai, kuma shi ma kashi biyu ne, ko dai mutum ya zama uba ko uwa a doka ga ɗan da abokin zamansa ya riga ya haifa, ko kuma su biyun su je su karɓo yaron da ba na ɗayansu ba. Ƙasashe ba sa bin jeri ɗaya a wannan. Beljiyam ta halatta auren a 2003 amma riƙon yara sai 2006. Fotugal aure 2010, riƙo 2016. Ingila kuwa ta baya ta fara, dokar riƙon yara ta 2002 ce, auren sai 2013. Afirka ta Kudu ma kotu ta ba da riƙo a 2002, majalisa ta yi dokar aure a 2006. A Italiya a 2016 gwamnatin Matteo Renzi sai da ta cire sashen riƙon yara gaba ɗaya kafin ta samu ƙuri'un da rajistar zaman tare ta wuce. Kaga kenan idan wani ya ce maka "wane ya sauya", tambayarka ta farko ita ce ya sauya a kan wanne? Mutum zai iya yarda da ɗaya ya ƙi ɗaya, kuma da yawansu haka suka yi shekara da shekaru.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne na Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, kuma shi ne wanda aka fi kuskurensa a wajenmu. A yaƙin neman zaɓen 2013 an tambaye ta a gaban jama'a kan riƙon yara ta ce abin yana mata wuya, tana da shakku kan maslahar yaron. A ƙarshen watan Yunin 2017 a wani taron hira da wata mujallar mata ta shirya sai ta ce tana ganin a bar kowane ɗan majalisa ya bi zuciyarsa a kan batun, har ta ba da labarin wasu mata biyu a mazaɓarta da suke rainon yara takwas. Cikin kwana huɗu jam'iyyar SPD da sauran suka kawo ƙudirin, ranar 30 ga Yuni aka kaɗa, 393 suka amince 226 suka ƙi. Ita Merkel ɗin ƙuri'ar a'a ta kaɗa. Ta fito ta ce ta sauya ra'ayi kan riƙon yara, amma a wajenta aure a tsarin mulkin Jamus na mace da namiji ne. Yanzu idan ka rubuta "Merkel ta goyi bayan auren jinsi" ka yi ƙarya, idan ka rubuta "Merkel ta hana" nan ma ka yi ƙarya, abin da ya faru shi ne ta buɗe ƙofar da hannunta sannan ta ƙi shiga, kuma sama da mutum 70 daga ɓangarenta suka shiga.

Daga nan sai ka nemi ƙuri'a, kar ka tsaya a baki. Majalisun waɗannan ƙasashen suna ajiye sunan kowa da abin da ya kaɗa, kuma kyauta ne a intanet. Na Amurka yana shafin congress.gov da shafin majalisar dattawa, ka sa sunan dokar da shekarar. Na Birtaniya akwai Hansard wanda yake rubuta duk kalmar da aka furta a zauren, akwai kuma TheyWorkForYou da yake tattara maka ƙuri'un ɗan majalisa ɗaya a shafi ɗaya. Majalisar Jamus ma tana fitar da jerin sunaye idan an yi ƙuri'ar da ake kiran suna. Idan shafin ɗan takara ne aka goge wani abu, akwai Wayback Machine da yake ajiye tsofaffin hotunan shafuka, ka liƙa adireshin ka zaɓi shekara. Data kaɗan zai ci maka. A nan ne za ka ga cewa dokar DOMA ta 1996, wadda ta ce a idon gwamnatin tarayyar Amurka aure na mace da namiji ne kawai, ta wuce da 85 da 14 a majalisar dattawa, 342 da 67 a ta wakilai, Bill Clinton ya sa hannu, kuma cikin waɗanda suka kaɗa mata e akwai Sanata Joe Biden. Wannan Biden ɗin dai shi ne a watan Disambar 2022 ya sa hannu a dokar da ta soke ta. Clinton ma a Maris ɗin 2013 ya rubuta a jarida cewa kotu ta rushe dokar da shi ya sa wa hannu. Idan kana da ranakun nan biyu a hannunka ba wanda zai yi maka musu.

Amma ƙuri'a ma sai an san a wane hali aka kaɗa ta, wannan wajen mutane da yawa suke tsallakewa. A Birtaniya da ƙasashen da suke bin tsarinta akwai ƙuri'ar da jam'iyya take tilasta wa 'ya'yanta, akwai wadda ake sakin kowa. A Nuwamban 2002 da aka zo dokar riƙon yara, shugaban Conservative na lokacin Iain Duncan Smith ya ba da umarni mafi tsanani cewa kowa ya ƙi, John Bercow ya ajiye muƙaminsa a jam'iyya saboda haka, manya irin su Michael Portillo da Kenneth Clarke suka bijire. Theresa May tana cikin waɗanda suka bi umarnin. A 2010 da ta zama ministar cikin gida aka tsare ta da wannan tarihin a talabijin ta ce ta sauya tunani, kuma a 2013 ta kaɗa wa auren e. Toh wanda ya ƙi a 2002 ba lallai zuciyarsa ce ta ƙi ba, wanda kuma ya bijire a ranar ka san da gaske yake domin ya saɓa wa umarnin jam'iyyarsa. Ita kuwa ƙuri'ar auren ta 5 ga Fabrairun 2013 sakakkiya ce, 400 da 175, kuma abin lura shi ne 'yan jam'iyyar firaminista David Cameron da suka ƙi sun fi waɗanda suka amince yawa, da ƙuri'un 'yan adawa dokar firaministan ta wuce. Saboda haka cewa "jam'iyyar Conservative ta sauya a 2013" bai cika ba, shugabanta ne ya sauya ya bar rabinta a baya. A Ostireliya kuma Sanata Penny Wong, wadda ita kanta tana zaune da mace, a 2010 ta tsaya tana kare matsayin jam'iyyar Labor na ƙin auren saboda ƙa'idar jam'iyya, in ka ga bidiyon shi kaɗai sai ka ɗauka ra'ayinta ne.

Kar ka manta da wanda bai zo ba. Rashin zuwa ma matsayi ne. A Disambar 2017 bayan 'yan Ostireliya sun amince da auren ta gidan waya da kashi 61.6 cikin ɗari, tsohon firaminista Tony Abbott da ya jagoranci masu cewa a'a ya fice daga zauren bai kaɗa ba, alhali mazaɓarsa kusan kashi 75 ta ce e. A Girka ma a Fabrairun 2024 da firaminista Kyriakos Mitsotakis ya kawo dokar aure da riƙon yara ta wuce da 176 da 76, lissafa ka gani, majalisar mutum 300 ce, ragowar sun ƙaurace ko sun yi shiru, da yawansu 'yan jam'iyyarsa ne da ba sa son faɗa da cocin Orthodox kuma ba sa son faɗa da shugabansu.

Yanzu ga aikin da ya fi ɗaukar lokaci amma ya fi amfani. Ka ɗauki takarda ka jera duk maganganun mutumin da ranakunsu, a gefe kuma ka jera me jama'a suke cewa a ƙuri'ar jin ra'ayi a wannan shekarar da kuma wane zaɓe ne yake gabansa. Mu gwada da Obama tunda shi aka fi yawo da bidiyonsa. A 1996 yana neman kujerar majalisar jihar Illinois daga wani yanki na Chicago, wata jaridar masu neman jinsi ta aika masa tambayoyi, amsar da ta dawo da sa hannunsa ta ce yana goyon bayan halatta auren. A shekarar Gallup, cibiyar jin ra'ayin jama'a, ta samu kashi 27 ne kawai na Amurkawa suke goyon baya, amma a yankinsa abin ba matsala ba ne. A 2004 da ya fito neman sanata na duk jihar sai ya koma cewa aure na mace da namiji ne, shi rajistar zaman tare yake goyon baya. A Agustan 2008 a cocin Fasto Rick Warren a Kalifoniya ya maimaita haka har ya haɗa da imaninsa na Kirista, wannan shi ne bidiyon da ake turowa. A 2010 ya fara cewa tunaninsa yana kan sauyawa. A 2011 Gallup ta samu kashi 53, karo na farko da masu goyon baya suka haura rabi. Ranar 6 ga Mayun 2012 mataimakinsa Biden ya riga shi a wata hirar talabijin, kwana uku bayan nan ranar 9 ga wata Obama ya zauna da tashar ABC ya ce ya goyi baya, ya ambaci 'ya'yansa mata da ƙawayensu da ma'aikatansa. A 2015 kuma David Axelrod, mutumin da ya tsara masa kamfen, ya rubuta cewa tun asali Obama yana goyon baya, su ne suka ba shi shawarar ya ɓoye saboda masu zuwa coci musamman baƙaƙen fata. Obama ya ce ba daidai haka abin yake ba.

In ka jera wannan a takarda za ka ga abin da guntun bidiyo ba zai nuna maka ba, wato tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce, ya fara da e, ya koma a'a, ya dawo e, kuma kowane juyi ya zo daidai da girman mazaɓar da yake nema. Ni a ganina wannan ba sauyin zuciya ba ne, lissafi ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa ko kana son Obama ko ba ka so. Sannan ka duba ayyukansa tsakanin maganganun, a 2008 ɗin da yake cewa aure na mace da namiji ne ya ƙi goyon bayan ƙudirin Kalifoniya na hana auren, a Disambar 2010 ya sa hannu aka soke dokar da take hana sojoji bayyana kansu, a Fabrairun 2011 ma'aikatar shari'arsa ta daina kare DOMA a kotu. Hannu ya riga baki da fiye da shekara ɗaya. Wanda yake kallon ayyukan ya san inda aka dosa tun kafin hirar ABC.

Wannan ma'aunin ka sa wa kowa. Merkel ta saki ƙuri'a ne wata uku kafin zaɓen Satumban 2017 bayan SPD da Greens da FDP duk sun ce ba za su shiga gwamnatin haɗaka da wanda bai yarda da auren ba, wato duk abokan da za ta iya buƙata. Hillary Clinton ta sanar a Maris ɗin 2013, wata ɗaya da barin ma'aikatar harkokin waje, ana shirin 2016. Charlie Crist na Florida ya goyi bayan hana auren a tsarin mulkin jihar a 2008 yana gwamna ɗan Republican, kuma jihar tana da dokar hana masu neman jinsi riƙon yara tun 1977, a 2010 da kotun ɗaukaka ƙara ta rushe dokar ya riga ya bar jam'iyyar ya ce ba za a ci gaba da aiki da ita ba, a 2012 ya shiga Democrat, a 2013 ya ce yana goyon bayan auren, a 2014 ya sake neman gwamna. Ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Amma kar ka ɗauka kowa haka yake, wannan ma zalunci ne. Tambayar da take raba su ita ce me mutumin ya rasa da ya sauya? Rob Portman tsohon sanatan Ohio ɗan Republican yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin DOMA a 1996 lokacin yana majalisar wakilai, a Maris ɗin 2013 ya fito ya ce ya sauya saboda ɗansa ya gaya masa shekara biyu da suka wuce cewa shi maza yake so. Shi ne sanatan Republican mai ci na farko da ya yi haka, a lokacin da mafi yawan masu zaɓen jam'iyyarsa ba sa so, wato ya sa kujerarsa a haɗari. Dick Cheney ma, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, saboda 'yarsa ya saɓa da George Bush tun 2004 kan sa haramcin a tsarin mulkin ƙasa. Za ka iya cewa dalilin nasu bai gamsar da kai ba, har masu goyon bayan auren ma wasu sun soki Portman cewa sai da abin ya shigo gidansa ya ga mutane, amma ba za ka ce neman ƙuri'a yake ba. Wanda ya sauya ya yi asara daban, wanda ya sauya ya ci riba daban, kuma in za ka yi sharhi ka faɗi wanne ne a gabanka.

Ka kuma saurari yadda aka yi maganar. Akwai wanda yake cewa na yi kuskure, kamar Cameron da ya nemi afuwa a 2009 kan dokar jam'iyyarsa ta 1988 da ta hana ƙananan hukumomi da makarantunsu tallata lamarin, ko Gérald Darmanin na Faransa da ya ce ya yi kuskure da ya yaƙi dokar 2013 da ta halatta auren a ƙasar. Akwai wanda yake cewa kotu ta riga ta yanke, magana ta ƙare, kamar yadda Trump ya faɗa a Nuwamban 2016 kan hukuncin kotun ƙoli na 26 ga Yunin 2015 da ya halatta auren a duk Amurka, wannan bai ce ya yarda ba, cewa ya yi ba zai yi faɗa ba. Akwai mai cewa a bar wa jihohi. Akwai mai cewa ni a addinina ban yarda ba amma doka ta kowa ce, Mitt Romney kenan a 2022 da ya kaɗa e cikin sanatocin Republican 12, bayan an sa sashen da ya ce ba za a tilasta wa coci ko wata cibiyar addini ɗaura irin wannan auren ba. Waɗannan huɗun jaridu sukan haɗe su a kanu ɗaya, kai kar ka haɗe.

Sashen nan na addini ka riƙa nemansa a cikin kowace doka domin sau da yawa a nan ake cinikin, kuma a kan riƙon yara ya fi zafi. A Birtaniya bayan ƙa'idojin 2007 cibiyoyin cocin Katolika masu haɗa marayu da iyalai ba a ba su togaciya ba, wasu suka rufe wasu suka raba gari da cocin. A Amurka kuwa a 2021 kotun ƙoli da bakin alƙalai tara duka ta ba wa wata cibiyar Katolika ta Philadelphia gaskiya a kan birnin da ya yanke hulɗa da ita. Ɗan siyasa zai iya kaɗa wa aure e sannan ya tsaya wa irin waɗannan cibiyoyin, in ba ka karanta sashen ba sai ka rasa gane shi.

Wani kuskuren shi ne ɗauka cewa tafiyar gaba kawai take yi. Nicolas Sarkozy tsohon shugaban Faransa a Nuwamban 2014 yana neman shugabancin jam'iyya a gaban taron masu adawa da dokar auren jinsi ta Faransa, suna masa ihu, ya ce za a soke ta, a Janairun 2016 ya ce ya yi nadamar faɗin haka ba zai taɓa ta ba. Hungary a 2020 ta gyara tsarin mulki da dokokinta ta yadda riƙon yara ya zama na ma'aurata mace da namiji. Joyce Banda, shugabar Malawi ta lokacin, a 2012 ta ce za ta soke dokokin hukunta masu neman jinsi, cikin 'yan watanni ta ja da baya ta ce jama'a ba su shirya ba. Ko a Amurka Gallup ta samu goyon bayan 'yan Republican ya kai kashi 55 a 2021 da 2022 sannan ya sauko 41 a 2025, kuma wanda ya karanta abin da na faɗa a sama ya san 'yan siyasa suna kallon wannan lambar. Don haka duk maganar da ka samu ka nemi wadda ta biyo bayanta, kar ka tsaya a ta farko da Google ya nuna maka.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne lokacin da sauyin can ya zama matsin lamba a nan. A Oktoban 2011 Cameron ya yi maganar rage tallafi ga ƙasashen da suke hukunta masu neman jinsi, wata ɗaya bayan nan majalisar dattawan Najeriya ƙarƙashin David Mark ta zartar da ƙudirin hana auren jinsi, Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14. Obama ya ɗaga maganar a Dakar a 2013 Macky Sall ya ba shi amsa a gabansa, haka Uhuru Kenyatta a Nairobi a 2015. Saboda wannan tarihin mutanenmu suna saurin yarda da duk labarin da ya ce an sayar da mu, kuma masu neman tada hankali sun san haka. Ka tuna Yulin 2024 da aka ce gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa da Tarayyar Turai wai ta amince da auren jinsi a kan dala biliyan 150, aka yi huɗubobi, aka yi ta tsinuwa, ministan kasafi Atiku Bagudu ya musanta, daga baya hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta duba ta ce rahoton bai inganta ba, jaridar da ta buga ta nemi afuwa. Takardar yarjejeniyar tana intanet tun ranar farko. Hanyar duba ta ita ce dai wadda na faɗa, ka sauke ta a waya, ka yi amfani da wurin neman kalma ka sa kalmomin da ake zargi, ka karanta sakin layin gaba ɗaya da na gabansa da na bayansa, sannan ka tambayi kanka ko majalisa ta taɓa dokar 2014, domin ba a soke doka da sa hannun minista. In Turancin ya yi maka nauyi ka kai wa lauya ko malamin makaranta da ka yarda da shi ya karanta maka, ba mai sharhin TikTok ba.

Haka na Gana. An daɗe ana yawo da hirar shugaban ƙasar na lokacin Akufo-Addo ta 2017 da Aljazeera inda ya yi maganar cewa in ra'ayin jama'a ya yi ƙarfi doka tana iya sauyawa kamar yadda ya gani a Ingila, aka mayar da ita ya yi alkawarin halattawa, shi kuma daga baya ya ce ba a zamaninsa ba. Da majalisa ta zartar da ƙudiri mai tsauri a Fabrairun 2024 bai sa hannu ba har ya sauka, ya ce yana jiran kotu, ma'aikatar kuɗinsa kuma ta yi gargaɗin asarar kuɗin Bankin Duniya. Nan ma baki daban, hannu daban, aljihu daban, sai ka jera su ukun.

In ka gama binciken za ka rubuta ko za ka tura wa mutane, ka sa abu huɗu a cikin saƙon ko da gajere ne: ranar da aka yi maganar, wurin da aka yi ta da waɗanda suke zaune, batun takamaimai ko aure ne ko riƙon yara ko rajista, da ƙuri'ar da ya kaɗa in akwai. Bidiyo kuma ka nemi cikakkensa a YouTube ka kalli minti biyu kafin wurin da aka yanko da minti biyu bayansa, ka liƙa adireshin cikakken a ƙasa. In fassara ce ka yi da kanka ka ce fassararka ce, kar ka sa ta a matsayin kalmomin bakinsa. Ra'ayinka kuma ka ware shi a layin ƙarshe ka ce wannan nawa ne, yadda wanda ya karanta zai iya ƙin ra'ayin naka amma ya tafi da ranakun da lambobin ya je ya duba da kansa.